Binnen da Muka Yi Kafin Tafiyata Lome

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, ya kuma same ni da furfura. Da azahar nakan fito daga aji in zauna ƙarƙashin dalbejiyar makarantar da nake koyarwa a Gummi, leɓe a bushe, alli ya manne a yatsu, in ɗaga kai in dubi gabas. Babu komai can sai farin sama. Ɗalibaina su ba sa wahalar da wuyansu, waya suke dubawa, su ce mini wai ta ce ruwa sai mako mai zuwa. Shekaranjiya na ga shamuwa biyu sun sauka a kan dogon ƙarfen waya na bayan kasuwa suna gyara fiffike, sai na tuna wani azumin. Watan azumi yakan ɗauki shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya bari. Wancan karon da ya zo cikin irin wannan zafi ina saurayi, ina aji uku a jami'a, kuma a shekarar ne gidanmu ya binne irin geronsa na ƙarshe a busasshiyar ƙasa saboda ni.

Adabin Ingilishi da harshen Faransanci nake karantawa, a haɗe. Tun ranar da na zaɓi haka abokai ke ce mini taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa da taurin kai na ce haƙorana sababbi ne. Da safe muna cikin waƙoƙin Ingilishi da manyan littattafan labari masu kauri kamar tubali, da yamma muna gaban wani malami siriri yana koya mana yadda ake fitar da magana ta hanci. In na kwanta sai harsunan biyu su yi ta kokawa a kaina, Hausa tana gefe tana kallo. A tungarmu, can bayan Gwashi a ƙasar Bukkuyum, ba wanda ya san bambancinsu. Ranar da na yi wa Baba bayani ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ashe Nasaran ma iri biyu na?"

Abin da ya fi ba ni wuya a karatun nan ruwan sama ne. A shekarar farko wata tsohuwar Baturiya da ke koya mana waƙa ta ba mu wata waƙa mu yi sharhi. Mawaƙin yana zaune bakin taga, ruwa ya wuni yana zuba, gari ya yi duhu. Na zauna na cika takarda da bayanin irin farin cikin da mutumin yake ciki, har na ce da alama manomi ne da ya gama shuka. Da ta karanta sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta ce a ƙasarsu in mawaƙi ya sa ruwa a waƙa, to baƙin ciki yake nufi, rana ce abin marmari. Na ce mata ban yarda ba. Ta ce ba sai na yarda ba, amma in rubuta haka a jarrabawa. A ajin Faransanci ma na tarar in sun ce gari ya yi kyau, suna nufin rana ta buɗe babu ko ɗigon gajimare. Na haddace, na ci jarrabawa, amma a zuciyata ina ganin mutanen nan akwai abin da ke damunsu.

Dokar sashenmu ita ce duk ɗan aji uku sai an kai shi ƙasar da ake Faransanci ya yi watanni a cikin masu harshen. A shekarar an ce Lome za a kai mu, can bakin teku. Mota ɗaya ce za ta kwashe mu daga Sakkwato, wanda ya rasa ta ya rasa shekarar gaba ɗaya, kuma ɗan talaka irina ba shi da shekarar da zai yar. Aka ba mu ɗan hutu mu je mu sallami gida. Na cusa littattafai a jaka na hau motar Gummi, daga nan wata ta kai ni Bukkuyum, sauran na ƙarasa a ƙafa.

Tun daga ƙofar gida na san ana cikin wani hali. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, rumbunmu in ka buga shi sai ya amsa maka. Awakin Inna sun koma biyu. Baba kuwa na same shi kwance a zaure, ƙafarsa ta dama ta kumbura, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sa su sani. Tsutsa ce fara doguwa da ake sha a ruwan tafki, ta yi shekara a jikin mutum, sannan ta huda fata ta leƙo. Kullum ana naɗe ɗan abin da ya fito a tsinke, a hankali, don in ta tsinke ƙafar ta shiga uku. Mutumin da na sani yana ta da kunya a gona tun asuba har azahar bai miƙe ba, ga shi ko ban ɗaki sai da sanda da dafa bango.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba da Inna ba sa kama sunana, sai dai "kai" ko "yaron ga". Ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu a wasu garuruwa. Wadda ke kiran sunana Lawali in ta ga dama, ta kira ni maigida in tana son tsokana, ita ce Tumba, ƙanwar kakata, wadda ɗakinta ke jikin dangarmu. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin harshe. Da ta zo yi mini barka da zuwa ta kama tafin hannuna ta jujjuya, ta ce, "Hannun ga awa na jinjiri. Da wanga za ka ci da ni?"

Abu ɗaya ne a gidan ba a taɓa ba duk da yunwa. A saman ɗakin Baba, a rataye jikin azara inda hayaƙi ke kaiwa, akwai ɗan damin gero, zangarniya zaɓaɓɓu, dogaye masu cikar ido. Shi ne iri. Tun zamanin kakana ake zaɓen wannan geron shekara bayan shekara. Inna takan share ƙarƙashinsa, ta ɗaga kai ta dube shi, ta fita ta je ta tsinko ganyen yaɗiya a dafa.

Haka muka shiga azumi. Sahur ɗan kunu ne tsararo da abin da ya kwana. In an sallame asuba sai in ɗauki tulu in nufi rijiya tun kafin layi ya yi tsawo, don guga yana dawowa da rabi, rabin ma laka. Da hantsi ya ɗaga, gari yakan mutu. Kaji su buɗe baki su shige ƙarƙashin rumbu, ƙasa ta yi zafin da ko jaki ba ya son tsayawa wuri ɗaya, iska in ta taso kamar daga bakin murhu ta fito. Maza su jiƙa zane su lulluɓa su kwanta a inuwar tsamiya, ba mai magana, don magana ma tana cin yawu. Da la'asar sakaliya a ji turmi nan da can, ba irin lugude na lokacin wadata ba, daka ne na lallaɓawa. Buɗa-baki garin ɗorawa ne a dama da ruwa, rawaya jawur, sai kwaɗon yaɗiya da ɗan ƙuli, sai tuwo in an samu. Ban taɓa shan abin da ya kai ruwan randar Inna daɗi ba a wannan azumin, ko da yake sai an bar shi ya kwanta.

Ni a wannan zafin na tsakar rana nake karatu. Akwai wani littafin Ingilishi da aka ce mu gama kafin mu dawo, labarin mutanen da ƙanƙara ta rufe wa gida, suna zaune gaban wuta suna rawar ɗari. Ikon Allah, sai in nutse a ciki har in ji kamar sanyin yana taɓa ni, in manta da maƙogwarona. Wannan abu ya ba ni mamaki ƙwarai, har yau yana ba ni: wani mutum da ya mutu tun kafin a haifi kakana, a ƙasar da ban taɓa gani ba, ya jera baƙaƙe a takarda, ga shi suna yi mini fifita a tungar Zamfara. Wata rana Inna tana tankaɗe ta ce, "Kai, mi ac cikin takardag ga da kaka murmushi?"

Na ce, "Inna, mutane na, suna roƙon Allah ya ba su rana."

Ta dubi tsakar gida inda rana ke tafasa, ta ce, "Su taho da buhunansu."

Shamuwa ta iso, ta yi sheƙa a kan kukar bakin gari. Gawo, mai zubar da ganye in damina ta kama, bai zubar ba tukuna. Kowace yamma hadari yakan ɗan taru a gabas, ya yi baƙi, mutane su fito ƙofar gida suna kallo, sai iska ta zo ta watsa shi. Ranar tafiyata kuwa tana ta matsowa.

Ga inda matsalar take. Gonarmu jigawa ce, rairayi, in ruwa ya sauka ba ta riƙe laima sai kwana ɗaya ko biyu. Ranar ruwan shuka kowa tasa ta fisshe shi, duk mai hannu yana gonarsa da iyalinsa. Gayya ta noma ce, ba a kiran gayyar shuka, don ba wanda zai bar tasa ƙasar ta bushe. Gidanmu kuwa ba mai riƙe sungumi sai ni. In na tsaya jiran ruwa, mota ta tafi ta bar ni. In na bi mota, ruwa ya zo ya tarar da gona ba mai sara. Gaba kura, baya sayaki.

Na yanke shawara a raina, bayan buɗa-baki na je na durƙusa gaban Baba na ce na fasa tafiya, baɗi ma shekara ce. Bai ko dube ni ba, yana gyara tsinken da ke ƙafarsa. Can ya ce, "Binne za mu yi."

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a bar shi a ciki yana jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya tashi tun wasu suna sara. In kuwa yayyafi aka yi, wanda zai jiƙa iri ya tsiro amma bai ratsa ƙasa ba, rana ta biyo baya, to shukar ta ƙone. Masu yin binne mutane ne da ke da wani irin a ajiye. Mu ba mu da shi.

Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "Malam, shi ɗai yar rage muna hwa. In anka yi yayyahi, mi za mu shibka?"

Baba ya ce, "Wanda yab ba mu wanga bai mutu ba."

Na ce, "Baba, karatun ga ba ya gudu."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce, "Mota tana gudu. Ɗauko tsani ka sauko min da damin."

Inna da Tumba suka sussuke shi a hankali, suka sheƙe, ba su bar ko ƙwaya a ƙasa ba. Da aka zuba a ƙwarya sai na ga ƙanƙantarsa. Washegari da aka sallame asuba muka fita. Ina gaba da sungumi, in sara in taka, in sara in taka, Inna da Tumba suna biye, kowacce da ƙoƙo a hannu, ta ɗiba da yatsu uku ta jefa a rami ta rufe da diddige. Ƙasar ba ta da ƙamshi ko kaɗan, in na sara sai ƙura ta tashi ta shiga hanci. Kafin hantsi hannuna ya yi bororo, kafin kwana biyu ya fashe. Tumba tana bayana tana cewa, "Maigida, layin ga naka ya karkace. Haka Nasara ka rubutu?" In rana ta yi tsaka mu koma gida mu zube, da la'asar mu sake fita da bakin azumi, harshe ya manne a ganɗa. Baba ya sa aka ɗora shi a jaki aka kai shi gindin gawon da ke tsakiyar gona, yana zaune yana korar zabi da kurciyoyi da tsakuwa, don su ma sun ji labari.

Ranar da muka gama, na tsaya a bakin gona na duba. Babu abin da ya canza. Fili ne fari fat, sai sawun diddige a jere har iyakar gani. Duk abincin gidanmu na shekara mai zuwa yana ƙarƙashin wannan rairayi mai zafi, kuma ba abin da ɗan Adam zai iya ƙara masa. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar ranar ba, tsoro ya kama ni sosai.

Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, riguna a juye, har da dabbobi. Aka yi sallah ƙarama. Sama ba ta ce komai ba. Ranar tafiya Inna ta ƙulle mini ɗan garin ɗorawa a tsumma, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Baba ya ce, "Tahi. Hatsi ba a tsaya mai bisa kai." Na bi ta gefen gona don in sake ganinta, na tarar tururuwa sun ja layi a kusurwar yamma. Na tattake su da takalmi kamar mahaukaci, sannan na kama hanya.

Gani ya kori ji. Duk abin da na karanta game da teku, a Ingilishi da Faransanci, bai shirya ni ba. Mota ta karya wata kwana a Lome sai ga ruwa ya tashi tsaye har ya haɗe da sama, ba gaɓa a ɗaya gefen, yana numfashi yana dukan ƙasa. Abokaina suna ta ihu. A ranar kuma da yamma aka kece da ruwan sama. Na tsaya a bakin teku ina kallon ruwa yana zuba a kan ruwa, tulu bisa tulu, inda ba gero ba dawa ba ko ciyawa. Na ce a raina, ya Rabbi, abin da ya zuba nan cikin ƙiftawar ido ya ishi tungarmu damina guda. Ina tasbihi ina jin haushi a lokaci ɗaya, ban san yadda zan raba su ba.

Ruwan nan bai tsaya ba. Aka sauke ni a gidan wata mata mai sayar da atamfa, ita da 'ya'yanta ba mai jin Ingilishi balle Hausa, in ina son ruwan wanka sai na nemo shi da Faransanci. Kowace safiya takan leƙa waje ta tsuke baki ta ce yau ma gari ya ɓaci. Tufafi ba sa bushewa, takalmina ya yi furfurar danshi, littattafaina suka kumbura, bango yana gumi. Wata rana ina zaune bakin taga, an wuni ana zubawa, gari ya yi duhu, ban san halin da gida ke ciki ba, sai na ji wani irin baƙin ciki ya rufe ni. Nan take na tuna mawaƙin tsohuwar Baturiya. Ashe mutumin ba ƙarya ya yi ba. Na ɗauko littafin waƙoƙin na yi ta karantawa, kamar yau aka fara ba ni shi.

Lokacin ba waya, wasiƙa kuma ba ta san hanyar tungarmu ba. Ranar Juma'a nakan je zango inda Hausawa fatake suke, in yi ta tambaya ko akwai wanda ya fito daga ƙasar Sakkwato. Wata rana na samu wani mai albasa. Ya ce, "Wajenku an yi ɗan ruwa bayan sallah, ya ɗauke. An daɗe kahin na gaske ya zo." Ban tambaye shi ƙari ba, don na san ma'anarsa. Na koma gida na kasa cin abinci. Daga ranar na kama karatu kamar mai fansa, in kwana da Faransanci in tashi da shi, har na fara mafarki a cikinsa. Mai gidan ta ce bakina ya buɗe. Ni dai na san kowace kalma da ta shiga kaina da geron Baba aka saye ta.

Sai ƙarshen damina muka dawo. Daga Gummi zuwa Bukkuyum duniya ta yi kore shar, gulbi ya cika sai da kwalekwale, ko'ina ƙamshin ɗanyen hatsi. Gonakin mutane sun yi kyau, wannan ya ƙara mini fargaba, don na san tamu za ta fito fili a tsakiyarsu kamar tabo. Ban shiga gari ba. Na saɓa jakata na yanke ta cikin gonaki, na ce gara in gani da idona kafin in ga fuskar Inna.

Na wuce gonar ban gane ta ba, sai da na hangi gawon na dawo. A tsaye take cike da amfani, amma ban taɓa ganin gona irinta ba. Nan layuka ne na gero gajere ya riga ya nuna, kusa da shi wani dogo mai gashi, sai maiwa ko kai ba ta fitar ba, sai farar dawa, sai kaura, sai jar dawa ta fi ni tsawo nesa. Can kusurwa ga masara, ga wake yana bin ƙasa, har da 'yar gyaɗa. Wani wuri layi a miƙe, wani wuri a karkace, wani da tazara, wani a cushe. Geron kakana kuwa, mai doguwar zangarniya, ko ɗaya babu.

Baba yana gindin gawo da lauje, a tsaye kan ƙafafunsa biyu, sai ɗan ɗingishi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya na fita. Na ce, "Baba, binnen fa?"

Ya ce, "Ya tsiro, kore shar, awa allurai. Kwana kaɗan rana tac cinye shi."

Ya ba ni labarin a taƙaice, sauran Inna ta cike mini daga baya. Da ruwan gaske ya sauka, gari duk ya watse gonaki, Baba yana zaune a zaure ba iri ba ƙafa. Sai Tumba ta tashi. Ta ɗauki sungumina ta je bakin gonarmu, inda hanyar dawowa gari ta ratsa, ta kwantar da shi a ƙasa ta zauna kusa da shi. Da la'asar mutane suka fara dawowa daga shuka, a gajiye, kowa da ɗan abin da ya rage a gindin ƙoƙonsa. Duk wanda ya zo wucewa sai ta ce, "Sannu da aiki." Shi ke nan abin da take faɗi. Mutum ya dubi sungumi, ya dubi gona, ya ajiye kayansa. Wani ya yi layi biyu, wani biyar, gwargwadon abin da ya rage masa. Washegari ma haka, tun ƙasa ba ta bushe ba.

Baba ya kama hannuna muka shiga ciki, yana nunawa da lauje. "Wanga na gidan Liman na. Wagga maiwa ta Bawa maƙeri. Jad dawag ga Hulanin ruga sunka kawo. Masara ta Malam Bitrus ta." Malam Bitrus malamin firamare ne, mutumin Zuru, shi ya fara koya mini baƙaƙen boko. Haka muka bi gonar daga wannan kai zuwa wancan, bai manta layi ko ɗaya ba. Gidajen da na san su ma da ganye suka yi azumi, duk ga su a tsaye a gonarmu.

Kafin mu fito labari ya kai gari. Masu aiki a gonakin kusa suka taru gindin gawo, Liman da Bawa maƙeri da Malam Bitrus da wasu, Inna ta tsaya daga baya-baya. Aka yi ta barka da zuwa. Sai ga Tumba tana dogara sanda, ta ratsa mutane ta zauna a kan tushen itacen, ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "To maigida, gero mun gani, dawa mun gani. Saura abin da anka binne hatsin dominai. Yi muna shi mu ji."

Aka yi dariya. Na gyara tsayuwa na ce musu na gode da Faransanci, kalma biyu.

Ta ce, "Shi ke nan? Damina guda, ɗan wanga kaz zo da shi? Ƙaro."

Sai na fara. Da farko don in biya mata bukata ne, ina ba su labarin mota da hanya. Daga nan na shiga labarin teku, da ruwan da ke zuba a kan ruwa, da tagar da na zauna, da mai albasa a zango, da abincin da na kasa ci. Abubuwan da kunya ba za ta bar ni in faɗa gaban Baba da Hausa ba, duk suka fito a wannan harshen, ba tuntuɓe ba neman kalma. Dariya ta ɗauke. Ba ka jin komai sai muryata da ganyen dawa. Ban san lokacin da na bar labari na koma kiran sunayensu ba, gida gida, kamar yadda Baba ya nuna mini layukan, ina roƙon Allah kada ya bar gonar ɗayansu ta kwana da ƙishi, kada ya bar ƙoƙon ɗayansu ya ƙare. Hawaye yana zuba ban share ba.

Ko kalma ɗaya ba su ji ba, sai sunayensu. Amma na ga Liman ya ɗaga tafukansa, Baba ya jingine lauje ya ɗaga nasa, Malam Bitrus ya cire hula ya sunkuyar da kai. Duk sunan da na kira, sai gindin gawon nan ya amsa gaba ɗaya, "Amin." Da na kai kan Tumba, ta rufe fuska da gefen zanenta, amin ɗinta ma ba a ji ba.